Wa Ke Leƙen Katin Wa? Tarihin Maguɗi a Gasar Poka ta Intanet



Kwanakin baya aka kawo ƙarar wani saurayi zauren dattijon da muke riƙe wa alƙalami. Kawunsa ne ya taso shi gaba, saboda jarin da aka ba shi na sayar da kayan waya ya narke cikin wata uku. Da aka matsa masa da tambaya sai ya faɗi gaskiya: yakan kwana a kan wayarsa yana shiga gasar karta da ake kira poka. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne hujjar da ya kafa. Ya ce wannan ba irin cacar bayan tasha ba ce, inda mai rabo ke ɓoye kati a hannun riga. Wai wasan ƙwarewa ne, kwamfuta ce ke rabawa, ita kuwa kwamfuta ba sani ba sabo. Dattijo ya yi masa nasiha, aka tsara yadda zai biya, aka tashi. Mu dai maganar ta biyo mu har gida, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin wannan gasa daga inda ta fito, wato Amurka da ƙasashen Turawa, mu ga ko zancen nasa zai tsaya da ƙafafunsa. Duk inda muka ce dala a wannan rubutu, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa ba.

Ga wanda bai san wasan ba, da kati 52 ake yin sa. A nau'in da ya fi yaɗuwa, wanda ake dangantawa da jihar Teksas, ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a kife, shi kaɗai zai gani. Sannan a baje kati biyar a tsakiya a buɗe, uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya, kuma a kowane mataki ana zuba kuɗi. Mutum na iya ƙarawa, ko ya amsa abin da wani ya zuba, ko ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. Wanda haɗin katinsa ya fi ƙarfi shi ke kwashewa, sai fa in wani ya yi burgar da ta sa kowa ya janye, to ya ci ko da hannunsa wofi ne. A gasa kuwa kowa na biyan kuɗin shiga daidai wa daida, a ba shi tsabobin wasa kamar na kowa, a yi ta fafatawa har mutum ɗaya ya tattare su duka. 'Yan kaɗan na sama ne ke samun rabo, shi kuma kamfani ya riga ya cire la'adarsa tun a bakin ƙofa.

Idan aka duba, adalcin wannan wasa ya rataya ne a kan sharuɗɗa huɗu. Na farko, gaurayar kati ta zama ba mai iya hasashenta. Na biyu, kowace kujera ta zama mutum ɗaya ne ke kanta da ƙwaƙwalwarsa. Na uku, katin da ke kife ya zama sirri. Na huɗu, kuɗin da mutane suka ajiye wurin kamfani su kasance suna nan ranar da aka zo nema. Tarihi ya nuna babu ko ɗaya cikin huɗun nan da ba a taɓa karyawa ba.

A ranar 1 ga Janairun 1998 ne wani kamfani mai suna Planet Poker ya fara raba kati a intanet a kan kuɗi na gaske. Ba a cika shekara biyu ba, a 1999, sai wasu masana tsaron manhaja a Amurka suka tona asirin yadda ake gaurayawa. Kati 52 ana iya jera su ta hanyoyin da adadinsu ya kai wajen lamba 8 mai sifili 67 a bayanta, adadin da hankali ba ya ɗauka. Amma manhajar da kamfanin ke aiki da ita tana ɗauko mafarin lissafinta ne daga agogon kwamfuta, wato yawan ɗigon lokacin da ya wuce tun tsakar dare, kowace daƙiƙa an kasa ta dubu. A yini guda irin wannan ɗigo 86,400,000 ne kawai. Da masanan suka daidaita agogonsu da na kamfanin, sai jerin da zai yiwu ya ragu zuwa wajen 200,000. Daga nan, da zarar sun ga katinsu biyu da ukun farko na tsakiya, kwamfutarsu na faɗa musu abin da ke hannun kowa da abin da zai biyo baya. Masanan ba ɓarayi ba ne, sun bayyana abin da suka gano, aka gyara. Amma darasin ya zauna: kwamfuta ba ta son kai, sai dai ɗan Adam ne ya rubuta mata abin da za ta yi, da kuskurensa da komai.

Wasan bai zama ruwan dare ba sai a 2003. Tun 1970 ake yin babbar gasar poka ta duniya a birnin Las Vegas, kuma kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000 ne. A wannan shekara wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya shiga wata ƙaramar gasa ta dala 86 a PokerStars, ya bi ta nan har ya sami kujera a Las Vegas. Cikin mutum 839 shi ya zo na ɗaya, ya tafi da dala miliyan 2.5. Talabijin ya yi ta maimaita wasan, kowane mai albashi ya ce in wannan ya iya ni ma zan iya. Zuwa 2006 mahalarta gasar sun kai 8,773, wanda ya ci ya karɓi dala miliyan 12. Dubban ɗaruruwan mutane suka buɗe asusu a intanet. Inda kuɗi suka taru haka kuwa, ba a rasa mai neman gajeriyar hanya.

Hanya ta farko da aka gano ita ce mutum ɗaya ya shiga gasa da sunaye da yawa. A teburin katako ba za ka zauna a kujera biyu ba, amma a intanet laƙabi kawai ake gani. Mai asusu biyar ya sayi dama biyar, kuma in biyu daga cikinsu suka haɗu a tebur ɗaya, yana ganin kati huɗu alhali kowa na ganin biyu. A farkon 2006 wani yaro ɗan shekara 16 ya ci babbar gasar ranar Lahadi ta PartyPoker da asusun da ba nasa ba, bayan ya shiga da nasa an fitar da shi. Da magana ta fasu kamfanin ya rufe asusun, ya hana shi dala 140,000 da ya ci. A 2007 kuma wani asusu mai laƙabin TheV0id ya lashe babban zagayen gasar shekara ta PokerStars, kyautar da ta haura dala miliyan 1. Bincike ya nuna ba mai sunan da ke kan asusun ba ce ta yi wasan. Aka soke nasarar, aka ɗaga kowa mataki ɗaya. Mai asusun ta kai ƙara kotun tsibirin Man, inda kamfanin ke da mazauni, daga baya a 2008 aka janye ƙarar. Akwai kuma haɗin baki, inda abokai biyu a tebur ɗaya ke gaya wa juna katinsu ta waya, da kuma sayar da kujera, inda ƙaramin ɗan wasa in ya kai kusa da ƙarshe sai ya miƙa wa gwani ya ƙarasa masa.

Duk waɗannan maguɗin 'yan wasa ne, kuma kamfani na iya kama su in ya so. Tambayar da ta fi nauyi ita ce, shi kamfanin wa ke sa masa ido? A Oktoban 2006 shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta hana karɓar kuɗin cacar intanet ta bankuna. PartyPoker, wanda shi ne mafi girma a lokacin, ya fice daga kasuwar Amurka. Waɗanda suka tsaya kuwa ofisoshinsu na wata ƙasa, lasisinsu na wata, abokan cinikinsu na Amurka. Da yawa lasisinsu ya fito ne daga hukumar caca ta Kahnawake, wani yanki na ƙabilar Mohawk da ke kusa da birnin Montreal a Kanada.

A Satumban 2007 aka yi wata gasa a Absolute Poker, kamfanin da ofishinsa ke Kosta Rika, kuɗin shiga dala 1,000. Wani mai laƙabin Potripper ya yi wasan da ba a taɓa ganin irinsa ba. Yana shiga kusan kowane zubi da kati marasa ƙarfi, amma bai taɓa yin kuskure ba: in abokin karawa na da ƙarfi sai ya janye, in burga ce sai ya danne. A zubin ƙarshe abokin karawarsa ya tura duk abin da ke gabansa don ya tsorata shi. Potripper ya amsa da hannun da babban katinsa mai lamba 10 ne, abin da ba mai hankalin da zai amsa da shi, sai ga shi na wancan mai lamba 9 ne. Wanda aka kayar ya rubuta wa kamfanin yana neman tarihin wasan. Maimakon nasa kaɗai, sai aka aiko masa da wata doguwar takarda mai ɗauke da katin kowa da kowa, da adireshin intanet na masu wasa da na 'yan kallo. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

'Yan wasa suka taru a kan takardar suna tankaɗe da rairaya. Suka lura da wani asusu mai lamba 363, lambar da ke nuna tun farkon kafa kamfanin aka buɗe shi. Wannan asusu ya zo kallo teburin Potripper bayan zubi biyu na farko, waɗanda Potripper ya janye a cikinsu, kuma daga nan bai sake barin teburin da yake ba har aka gama. Aka bi sawun adireshin har Kosta Rika. Ashe asusu ne na cikin gida mai ikon ganin katin kowa. Kamfanin ya fara da musu, sannan a Oktoba ya amsa cewa wani na jikinsa ne ya yi. A Janairun 2008 hukumar Kahnawake ta ci shi tarar dala 500,000, aka mayar wa waɗanda aka cuta wajen dala miliyan 1.6.

Ƙurar wannan ba ta lafa ba sai ga wadda ta fi ta. A farkon 2008 'yan wasa suka fara tuhumar wani mai laƙabin NioNio a UltimateBet, kamfanin da a lokacin mai shi ɗaya ne da Absolute Poker. Suka haɗa bayanan dubban zubi daga kwamfutocinsu, suka nuna cewa ribar da yake samu ta wuce abin da gwaninta ko sa'a za su iya bayarwa. Rahoton ƙarshe na hukumar, wanda ya fito a Satumban 2009, ya ce an yi ta wannan sata tun 2003 har ƙarshen 2007, da asusu 23 da laƙabi 117. Kuɗin da aka mayar sun haura dala miliyan 22, tara kuma dala miliyan 1.5. Mutumin da hukumar ta ambata a matsayin jagora shi ne Russ Hamilton, ɗaya daga cikin manyan kamfanin tun farkonsa, wanda ya taɓa zama zakaran duniya a 1994, shekarar da aka ba shi dala miliyan 1 da azurfa daidai nauyin jikinsa. A 2013 wani faifan murya ya fito inda aka ji shi yana amsa cewa ya ɗauki kuɗin kuma ba shi da niyyar gyarawa. Ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu kan wannan ba. Waɗanda aka cuta na Amurka da Turai, kamfanin na Kosta Rika, hukumar na Kanada kuma ba ta da ikon ɗaure kowa.

Sharaɗi na huɗu, wato ajiya, shi ma ranarsa ta zo. A ranar Juma'a 15 ga Afrilun 2011 ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya a birnin New York, ƙarƙashin Preet Bharara, ya tuhumi mutum 11 da ke da alaƙa da PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker da zambar banki da halatta kuɗin haram da gudanar da caca ba bisa ƙa'ida ba. Cikin tuhumar har da cewa ana rubuta kuɗin caca a matsayin cinikin kayan ado da ƙwallon golf don a yaudari bankuna. Kowa ya ruga ya cire kuɗinsa. PokerStars ya biya mutanensa cikin ɗan lokaci. Full Tilt ya kasa. A Satumba gwamnati ta bayyana cewa a ƙarshen Maris na wannan shekara 'yan wasa na bin kamfanin wajen dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa na banki wajen miliyan 60 ne, kuma tun 2007 ya raba wa masu shi fiye da miliyan 440. Cikin masu shi akwai shahararrun 'yan wasa irin su Howard Lederer da Chris Ferguson, zakaran duniya na 2000, waɗanda daga baya suka sasanta da gwamnati ba tare da amsa laifi ba. Lambar da kowa ke gani a allonsa yana cewa kuɗinsa ne, ashe lamba ce kawai. An ba kura ajiyar nama.

A Yulin 2012 PokerStars ya amince ya biya dala miliyan 731 don kashe shari'ar, ya karɓi Full Tilt, kuma miliyan 184 daga ciki na biyan 'yan wasan da ba Amurkawa ba ne. Su Amurkawan sai a 2014 suka fara ganin kuɗinsu. Na Absolute Poker da UltimateBet kuwa sai a 2017, shekara shida bayan rufewa.

Bayan wannan girgiza an ƙara tsaurara dokoki. Ƙasashe irin su Ingila da wasu jihohin Amurka sun kafa ƙa'idojin lasisi, ana gwada manhajar gauraya a ɗakunan bincike masu zaman kansu, ana tilasta raba kuɗin ajiya da kuɗin kamfani. Sai dai barazanar ta sake kama. A Janairun 2017 wata manhaja mai suna Libratus, wadda masana a jami'ar Carnegie Mellon suka ƙirƙira, ta kara da gwanaye huɗu a birnin Pittsburgh, zubi 120,000 cikin kwana 20, ta doke su. A 2019 wata mai suna Pluribus, aikin jami'ar tare da Facebook, ta rinjayi gwanaye a tebur mai mutum shida. Masu ita suka ƙi sakin sirrin rubutunta don gudun abin da za a yi da ita a wuraren caca. Amma ƙananan irinta na nan ana sayarwa. Mutum na iya buɗe wasa a kwamfuta ɗaya, ya ajiye wata a gefe tana raɗa masa abin da zai yi, ko ya bar manhaja ta yi ta wasa da sunansa dare da rana. A 2020 kamfanin GGPoker ya sanar da rufe asusu 40 kan irin wannan, tare da ƙwace fiye da dala miliyan 1. Waɗannan su ne aka kama.

To, mu koma ga saurayinmu. Adalci ya sa mu ce akwai gaskiya a wani sashe na maganarsa. Lallai a poka akwai ƙwarewa, shi ya sa ake samun waɗanda ke cin riba shekara da shekaru, kuma ba kowane kamfani ne aka kama da ha'inci ba. Amma ya kamata ya lura da abu uku.

Na ɗaya, manyan satar nan biyu ba hukuma ce ta gano su ba, ba kuma kamfani ba. 'Yan wasa ne masu ilimin lissafi, masu tarin bayanai, kuma ta farkon sai da aka aiko musu da takardar da ba a yi niyyar su gani ba. Ta biyun ta yi sama da shekara huɗu tana gudana a kan idon gwanayen duniya. Wanda ke danna waya a ɗakinsa da ƙarfe biyun dare, da me zai gane an leƙa katinsa?

Na biyu, in an cuce shi ina zai kai kuka? Amurkawa da ke da gwamnati mai ƙarfi da lauyoyi sun jira shekara uku, wasu shida. Shi kamfanin da yake tura wa kuɗi, da wuya in ya san ƙasar da lasisinsa ya fito, balle ya san ƙofar ofishin da zai buga.

Na uku, wanda ya fi duka: ko da an cika sharuɗɗan nan huɗu cif, ba a noma komai a teburin, ba a ƙera komai. Abin da wani ya ci daga aljihun wani ya fito, bayan an cire la'ada. Kasancewar wasan na ƙwarewa ma hujja ce a kan saurayin: ma'anarta gwani ne zai cinye wanda bai kai shi ba, kuma gwanayen nan sun yi shekaru suna nazari da manhajojin da shi bai taɓa gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu da muka tashi a gaban allo mun san hukuncin tun kafin a ƙirƙiri intanet. Aya ta 219 a Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun yi magana a kan caca, sun haɗa ta da giya, sun ambaci gaba da ƙiyayyar da take jefawa tsakanin mutane. Malamai sun yi saɓani kan wasu wasanni idan babu kuɗi a ciki, amma ba mu san saɓani ba kan kartar da kowa ya zuba kuɗinsa mai rinjaye ya kwashe, ko an yi maguɗi ko ba a yi ba. Mun kawo tarihin ne saboda yaranmu na yau in ka ce musu haramun ne sai su ce ai wannan daban ce, ta zamani ce, mai tsabta ce. Yana da kyau iyaye da malamai su san abin da za su amsa da shi, da sunaye da shekaru da adadi.

Saurayin ya kawo kason farko na bashinsa a makon jiya, mu muka rubuta a littafi. Mun zaunar da shi mun ba shi labarin asusu mai lamba 363. Ya yi shiru, can ya tambaye mu ko shi ma hakan aka yi masa. Muka ce ba mu da hanyar sani, shi ma ba shi da ita, kuma da wannan rashin sanin ya yi wata uku yana zuba jarin kawunsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a ɗan abin da muke nema ta hanyar halal. Wanda ya ga gyara a abin da muka rubuta, ƙofa a buɗe take.